Kwalba Tara da Soɓon Gwashi

Ƙarfe huɗu da minti goma sha bakwai na yammacin ranar Laraba kwalba ta farko ta fashe. Na san lokacin daidai, domin tsohon agogon Baba da igiyarsa ta tsinke yana hannuna na hagu, littafin rubutuna yana na dama, ni kuma ina raɓe a bayan ƙofar zaure ina jiran maza su tashi in shiga in duba kayana.

Ba su saba zama a zaurenmu bayan la'asar ba. Ranar dai hadari ne ya taso, Liman ya biyo Baba don ya fake, Hedimastan firamare ya biyo Liman, suka zauna suna maganar rufin masallaci da ke yoyo. Baba shi ne ladanin unguwarmu a Bukkuyum. A ɗan ɗakin da ke jikin zauren yake ajiye sababbin tabarmin masallaci, waɗanda ba a shimfiɗawa sai da salla. A bayan tabarmin nan na kwantar da kwalabe shida.

Ƙarar ta yi kamar ta bindigar maharba. Liman dattijo ne mai jiki, wanda in zai tashi daga zaune sai ya dafa ƙasa ya ambaci Allah sau biyu, amma ranar ban ga tashinsa ba, sai dai na hango shi a waje, ƙafa ɗaya cikin takalminsa, ɗaya cikin na Hedimasta. Sai ga wani jan ruwa yana gangarowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin. Baba ya yi salati ya ɗauko makulli ya buɗe. Buɗewarsa ke da wuya kwalba ta biyu ta harba murfinta, ya daki rufi ya dawo ya sauka a cinyar Hedimasta. Wani wari mai tsami ya cika zauren.

Hedimasta ya shinshina, ya ce shi ya san wannan warin. Baba da Liman suka juyo suka dube shi a tare. Ya gyara zama ya ce daga nesa ya san shi, lokacin da yana karatu a kudu, hanyar makarantarsu ce ta bi ta gaban wani gida.

Ni kuwa na duba agogo na rubuta. Abin da na iya ke nan a duniya.

Sai in koma baya kaɗan, a san yadda aka yi 'yar ladan ta tara kwalabe a bayan tabarmin masallaci.

Sana'ar Inna soɓo ce, wanda mutanen gabas ke ce wa zoɓo. Ba ta fita talla. Ita ke dafawa, ta tace, ta sa citta da kanumfari da sukari, ta ƙulla a leda, Gwaggo yayar Baba ta ɗauka a bokiti da ƙanƙara ta kai bakin tasha. Duk garin an san soɓon matar ladan. Masu suna da masu biki har gida suke aikowa a dafa musu. Inna ba ta da gona, ba ta da akuya ko ɗaya. Sunan nan shi ne dukiyarta, kuma tana ji da shi.

Busasshen soɓon da take dafawa daga kasuwar Gummi ake kawo mata shi, mai duhu kamar hanta, wanda in aka ɗaga ledarsa a rana ba a ganin komai ta ciki. Akwai kuma wani da Kaka, mahaifiyar Baba, take aikowa daga Gwashi duk kaka, na sure, wato yakuwar da take shukawa a gefen gonar geronta. Shi ja ne mai haske, kamar an wanke shi sau ɗaya an shanya. Duk shekara Inna takan karɓi ƙullin, ta ce an gode, ta shige da shi ɗaki, ban taɓa ganin ta dafa shi ba. Na taɓa jin wata maƙwabciya ta tambaye ta ko tana sa shi a na sayarwa. Inna ta yi dariya ta ce wa zai sayi ruwan wankin hannu. Ni sunan Kaka na ci, shi ya sa ma Inna ba ta faɗin sunana sai dai ta ce ke, Baba kuma ya ce uwata. Maganar nan ta ruwan wankin hannu ta tsaya mini a rai kamar da ni ake.

Ina aji biyar a makarantar kwana ta 'yan mata a Anka. Akwai wani ɗaki da muke kira laburare, kabad biyu ne na tsofaffin littattafan Turanci da wasu suka ba da kyauta, gara ta riga kowa karanta rabinsu. Ni ce ta biyu bayan gara. A cikin wani littafin labarin ƙasa na ci karo da bayanin wasu ƙasashe masu noman inabi. An ce sukan matse shi su zuba a kwalba su ajiye a wuri mai duhu da sanyi shekara da shekaru, yana ƙara daɗi. An ce mai kauri da duhu na manyan garuruwa shi aka sani da jure ajiya, amma akwai wani ja marar nauyi, na ƙauyukan da ba wanda ya san sunansu, wanda ake rainawa, shi ma in an ajiye shi yakan ba mutane mamaki. Na san giya ake nufi, kuma ba ruwana da ita. Abin da ya kama ni shi ne ja marar nauyi, na ƙauyen da ba a sani ba. Na ce a raina wannan ai Gwashi ce. A tunanina giya wani abu ne daban da suke zubawa a ciki, in ban zuba ba shi ke nan, ajiyar kawai zan ara.

Na so in tambayi malamin kimiyya. Kwana uku ina tsara tambayar. Rana ta huɗu na ɗaga hannu, sai dai bai wuce kafaɗata ba, ya dube ni ya ce in je amma kada in daɗe. Na tashi na fita, na tsaya a bayan aji minti biyar, na dawo na ce na gode. Daga nan na yanke shawarar in gwada da kaina. Na sayi sabon littafi, na ja layi a kan shafin farko na rubuta tambayar: shin soɓo mai haske na Gwashi ya fi mai duhu jure ajiya? Sukarin shan garina na daina taɓawa har ƙarshen zango, ina tara shi don gwajin. Ranar da aka ba mu dogon hutu na sayi ɗan soɓo a tashar Anka, mai matsakaicin ja, don kada a ce na haɗa biyu kawai gasa.

Mai shagon bakin hanya ya ba ni kwalaben lemo tara da bakinsu ya ɓantare, waɗanda motar kamfani ta ƙi karɓa. Ranar da Inna ta tafi suna bayan kasuwa na ɗebi na Gummi a buhunta, na ɗebi na Gwashi a ƙullin bana da ke rataye a ɗaki, na ɗauko na Anka, na dafa kowane daban, na sa duk abin da Inna ke sawa. Uku uku. Na toshe bakunan da totuwar masara, na ɗiga kyandir, na ɗaure da robar taya tamau. Ina gama ta shida kyandir ya ƙare. Ukun Gwashi sai ƙyalle na ɗaura musu a baki. Littafin ya ce a kwance ake ajiyewa, amma mai ƙyalle ba ta kwantuwa, don haka su na tsayar da su cikin wata fasasshiyar randa a bayan rumbu, na rufe da faifai. Na rubuta wannan a ƙarƙashin kurakurai, har na ja masa layi biyu, ina jin haushin kaina na cuci Gwashi. Sauran shidan na kai ɗakin tabarmi, don ba inda ya fi shi duhu da sanyi a gidan. Makullinsa a ɗakin Inna ake rataye shi.

Kwana tara ina dubawa kullum bayan la'asar. Ranar ta biyar na rubuta cewa ƙananan kumfa suna tasowa. Na ɗauka alamar ci gaba ce.

To, ranar Larabar nan Baba ya leƙo cikin gida ya kira Inna. Ta tsaya daga bayan ƙofa, ni ina gefenta kamar an dasa ni. Ya tambaye ta abin da ke cikin ɗakin tabarmi. Ta ce tabarmi. Ya ce ban da su. Ta ce rabonta da ɗakin tun sallar layya. Baba ya ce soɓo ne a kwalabe, ya lalace, kuma a gidan nan mutum ɗaya ke dafa soɓo, makulli kuma a ɗakin mutum ɗaya yake.

Inna ta ce, "Malam, shekara ashirin ina dahwa soɓo, ka taɓa ganin nawa ya kwana?"

Baba kuwa bai taɓa gani ba. Ba wanda ya dube ni. Ni ce yarinyar da ake kwatance da ita a unguwa, wadda in an aike ta ba ta tsayawa, in an yi baƙi ba a jin motsinta. Da akuyar maƙwabta ce ta shigo da an fi zarginta.

Liman ya ce a zubar da sauran, a wanke tabarmin da kyau, a bar maganar a zaure. Amma tabarma goma sha biyu ba ta wankuwa a ɓoye. A ƙofar gida aka wanke su, jan ruwa ya bi kwata har bakin titi, warin kuma ya riga ruwan isa. Shekarar ce kuwa da aka rufe duk wani gidan giya a jihar, kunnen kowa a buɗe yake da irin wannan magana. Kafin magariba an ce an ga kwalba shida. Kafin asuba sun zama buhu biyu.

Ranar kasuwa Gwaggo ta dawo da bokiti kusan yadda ta tafi da shi, ƙanƙarar ta narke, ledojin suna iyo. Ita ke kawo mana labarin gari, kuma ba ta rage komai. Ta ce wani tsoho mai sayar da igiya ya rantse ya sha soɓon Inna ya yi barci har azahar ta wuce shi, alhali shekara goma ke nan kowa na ganinsa yana gyangyaɗi a rumfarsa ko da azumi. Ta ce wata mata ta tuna mijinta ya taɓa shan leda biyu ya dawo gida yana waƙa. Sai kuma wani ɗan kabu-kabu da ya tsaya da babur ɗinsa, ya waiga dama da hagu, ya sunkuyo ya raɗa mata cewa shi ba wannan yake so ba, irin na zaure yake so, ko da tsada. Gwaggo ta kwaɗa masa murfin bokiti a ka. Ta ce shi kaɗai ne ya zo da niyyar ciniki duk yinin.

Ina jin wannan ina son in yi dariya, sai in dubi Inna. Ita ba ta yi ba. Wata da ta aiko a dafa mata na suna ta aiko a fasa, wai baƙinta sun fi son kunun zaƙi. Bayan kasuwa ta biyu Inna ta wanke babbar tukunyar ta kife ta a gindin bango. Inna mace ce da ba ta aiki sai da ɗan waƙe-waƙe a hanci, ko tsintar shinkafa take yi. Ta daina. Aka yi biki a gida na uku da namu, ta ce kanta na ciwo. Baba ya ce ya yarda da ita, kuma na san ya yarda, amma wani lokaci nakan gan shi ya tsaya yana kallon makullin nan a jikin ƙusa, Inna kuma tana ganin yana kallo. Gwaggo ta ce aikin aljanu ne, ta kawo turare aka banka a ɗakin tabarmi har Baba ya yi kwana biyu yana kiran salla da dusasshiyar murya.

Sau uku na je in faɗa. Na farko na tsaya a kan Inna tana tankaɗe, na ce, Inna. Ta ce mi. Na ce ruwan randa ya yi ƙasa. Ta ce to in ɗebo. Na biyu ma haka. Na uku randar a cike take, don haka na ce itace ya jiƙe. Ban taɓa ɗiban ruwa irin na watan nan ba.

Abin kunyar shi ne ban daina duba ukun da ke bayan rumbu ba. Na sha gaya wa kaina in zubar, sai in ce bari dai in ga na gobe. Sun yi kumfa kamar sauran, amma da yake ƙyalle ne a bakinsu iskar ta riƙa fita, ba wadda ta fashe. A mako na uku kumfar ta kwanta. Wani abu kamar fatar saman kunu ya rufe ruwan, ƙananan ƙudaje suka fara zagaye faifan. Warin ya sauya, ya bar na ruɓa ya koma wani mai kaifi da ke shiga hanci ya sa ƙwalla. Launin kuwa yana nan, ja garau. Na Gummi tun kwana na bakwai ya fara komawa ruwan ƙasa. Duk na rubuta, da rana da lokaci.

Ranar ta talatin da huɗu na ga Inna ta ɗauko buhun soɓon Gummi tana nuna wa Gwaggo, tana cewa ta nemo mata mai saye ko a yaya ne, ita ta bar sana'ar. Ta faɗe shi ne a hankali, kamar tana maganar gishiri. Na shiga ɗaki na ɗauko littafin. Tunda baki ya ƙi, sai na ajiye shi a kan buzun Baba, na ɗora agogon a kai, na tafi bayan rumbu na zauna.

Abu ɗaya na manta, ni da ba na mantuwa. Baba ajami da Larabci yake karantawa, boko sai a hankali, yana bin baƙi da yatsa. Ya ga layuka da lambobi ya ɗauka sakamakon jarrabawa ne ake so ya sa hannu. Ya sa shi a aljihu ya tafi la'asar, ya dawo da Hedimasta ya duba masa, Liman kuma ya biyo su don a ƙarasa maganar rufi. Ina jin muryar Hedimasta ta fara karanta tambayar shafin farko da ƙarfi, kamar yana gaban aji, na taso na zo bayan ƙofa. Na tarar da Inna da Gwaggo sun riga ni.

Bai tsallake komai ba. Ya karanta yawan cokalin sukari, ya karanta inda na ɗebi citta, ya karanta kurakurai. Da ya zo ranar Laraba sai ya rage gudu, ya ɗan yi tari, ya ce nan ba shi da muhimmanci. Liman ya ce a karanta.

"Huɗu da sha bakwai, ta Gummi ta ɗaya ta fashe. Liman ya fita da gudu, takalmin hagu nasa, na dama na Hedimasta. Huɗu da sha tara, ta Anka ta biyu ta harba. Hedimasta ya ce ya san warin. Huɗu da ashirin, ya ce daga nesa."

Sai muka ji wani irin sauti kamar ana jan guga a rijiya. Liman ne ke dariya, yana riƙe da ciki, yana cewa wallahi bai san ya iya gudu ba sai da ya ji a rubuce. Gwaggo ta cusa bakin gyale a baki. Inna ba ta yi dariya ba, ba ta kuma dube ni ba. Ta dai saki wani dogon numfashi, ta jingina da bango.

Baba ya ce, "Uwata, zaka nan."

Na shiga na durƙusa, kaina a ƙasa. Liman ya tambaye ni ko na san abin da na kusa yi. Na gyaɗa kai. Ya tambaya ko na sha. Na girgiza kai. Hedimasta ya bayyana mini abin da malamin kimiyya zai gaya mini a minti ɗaya da hannuna ya wuce kafaɗa: ba zuba wani abu ake yi ba, duk ruwa mai sukari in aka rufe shi aka bar shi, da kansa yake juyawa. Sannan ya duba shafi na ƙarshe ya ce ai akwai sauran uku, an duba su jiya ƙarfe huɗu da rabi. Baba ya rufe ido.

Aka sa ni na ɗauko su. Liman ya kwance ƙyallen ɗaya, ya kai hanci ya janye da sauri, ya sake kaiwa. Ya karkata kwalbar ya ɗiga a yatsa ya taɓa a harshe. Baba ya ce, Allah gafarta Malam, a hankali dai. Liman ya ce ba komai, wannan ya wuce inda ake tsoro, ya zama khal, ruwan tsamin nan da ake sa wa abinci. Ya ce abin da ya juya da kansa ya zama khal ya tsarkaka, shekara arba'in yana karantar da wannan a littafi bai taɓa ganinsa da ido ba sai yau a gidan ladaninsa. Ya ce a ba shi kwalba ɗaya ya kai gida a gwada a kwaɗon rama. Hedimasta ya ce shi ma zai ɗauki ɗaya, don ilimi. Liman ya ce daga nesa dai.

Sannan ya daina dariya. Ya ce ni yarinya ce mai hankali da ta yi wauta, wannan mai sauƙi ne, amma barin uwa cikin bakin mutane kusan wata guda ba wauta ba ce, kuma ba shi zan ba haƙuri ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage. Hedimasta ya nuna masa tambayar shafin farko ya ce ko yana da amsarta. Liman ya ce wannan babu ita a littattafansa.

Ranar kasuwa Gwaggo ta matsa wa Inna ta juyo tukunyar. Inna ta dafa rabin abin da ta saba. Da hantsi, lokacin da tasha ta cika, Liman ya zo da sandarsa, ya sa aka ba shi benci ya zauna kusa da bokitin Gwaggo, ya sayi leda biyu. Ya yi bisimilla da ƙarfi ya shanye ɗaya, ya ba da labarin takalmi ga duk wanda ya tsaya, ya shanye ta biyu. Ya zauna har aka kusa azahar don kowa ya ga bai yi waƙa ba. Tsoho mai igiya ya sayi ɗaya ya koma rumfarsa ya yi barci kamar kullum. Gwaggo ta dawo tana kaɗa bokiti. Ta ce ɗan kabu-kabun nan ne kaɗai ransa bai so ba.

Inna ba ta doke ni ba, ba ta kuma yi mini faɗa ba. Na gwammace ta yi. Na ba ta haƙuri a tsaye a bakin madafa, da muryar da ni kaina ban ji ba sosai, ta ce ya wuce, ta ci gaba da hura wuta. Tana aike na, ina zuwa, amma waƙar hancin ba ta dawo ba, ko kuma tana dainawa in na shigo.

Ana gobe zan koma Anka ta ɗora babbar tukunyar da safe, don an aiko a dafa na wani suna. Ina zaune ina daka mata citta. Na daka ta har ta zama gari, na ci gaba da dakawa. Sai kawai na ji bakina ya buɗe.

Na ce, "Inna, don mi kinka ce na Kaka ruwan wankin hannu ne?"

Ta tsaya da muciya a hannu ta dube ni, dubawar farko ta sosai tun ranar zaure. Ta ce au, dama duk wannan a kan haka ne. Na ce ina so ne in san ko yana jure ajiya. Ta ajiye muciyar, ta leƙa ƙofa ta ga Gwaggo ba ta kusa, ta ce in biyo ta.

Muka shiga ɗaki. Ta durƙusa a gaban gadon ƙarfen da nake kwana a kai duk hutu, ta ɗage zanen da ya sauko, ta jawo tukwane uku na ƙasa, kowace an rufe bakinta da kasko an liƙe da laka. Na sha ganinsu, na ɗauka daddawa ce. Ta fasa lakar ta can ƙurya da gindin wuƙa. Busasshen soɓo ne mai haske, ƙamshinsa ya taso kamar na tsamiya sabuwar ɓara. Ta ba ni ɗaya na tauna, tsaminsa ya kama mini haƙora. Ta damƙi hannu biyu ta zuba a ƙwarya, ta fara wannan waƙar tata a hanci, ta katse.

Ta ce, "Wanga na shekara ukku ne, wancan na bara waccan, wancan na bara. Na Gummi don ido nika sa shi, in ya shekara ya zama ganye, ba ɗanɗano. Na tsohuwa shi ad da tsami, kuma sai ya shekara biyu shika yin daɗi, na bana da kinka ɗiba bai ma nuna ba. Hannu biyu nika sawa duk tukunya, shi mutane ka biyowa ba su sani ba. In na yabe shi gaban mata, gobe duk sun tahi Gwashi. Yana jure ajiya, ke, amma a bushe. In ya ga ruwa, yini ɗaya gare shi. Shekara nawa kina kwana bisa amsar, sai da kinka kori Liman ba takalmi. Ɗauko ƙwaryar mu tahi. Kuma wanga kar ki rubuta shi."